Kafin a Yi wa Tsohuwar Kwamfuta Farmat Saboda BOINC

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam Edita, muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana da 'yan uwa Hausawa mazauna Makka, Jidda da Madina, musamman ɗalibai da matasan da suka sa tsofaffin kwamfutocin gida cikin aikin gayya na binciken kimiyya, daga baya abin ya fara ba su ciwon kai. Koken iri ɗaya ne: kwamfuta tana mutuwa da kanta, ko aiki ya ƙi saukowa, ko ya kai rabi ya koma sifiri. Sai a ce manhajar BOINC da ke wannan aiki ce ta lalata na'urar, a yi farmat, wato a goge komai, a sake ɗorawa, bayan kwana biyu matsalar ta dawo. Galibi farmat ba ya maganin waɗannan. Manhajar tana sa kwamfuta aiki da dukkan ƙarfinta dare da rana, shi ya sa take tona lahanin da ya daɗe a ɓoye lokacin da ake rubuta takarda ko kallon wa'azi kawai.

Ga wanda bai san abin ba: masu bincike suna da lissafin da ya fi ƙarfin na'urorinsu, sai su yayyanka shi ƙunshi-ƙunshi, su rarraba wa kwamfutocin 'yan sa-kai ta intanet, kowace ta yi nata ta mayar. Manhajar da aka fi amfani da ita ita ce BOINC, wadda ta fito daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka a 2002. A ƙarƙashinta akwai shirye-shirye da dama. Rosetta@home na Jami'ar Washinton yana nazarin siffar furotin, kuma jagoran ɗakin bincikensa, David Baker, yana cikin waɗanda suka samu kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2024. Einstein@Home yana neman wasu irin taurari masu jujjuyawa. World Community Grid, wanda kamfanin IBM ya kafa a 2004 kafin ya koma hannun cibiyar Krembil a Kanada, ya yi aiki a kan ciwon daji, tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, har da hasashen ruwan sama a Afirka kudu da Sahara. Folding@home kuma manhaja ce mai zaman kanta, ta fara a Jami'ar Stanford a 2000. Ba a biyan kowa ko halala, wato kwabon Saudiyya. Maki ake bayarwa, kuma makin ba kuɗi ba ne.

Abin da ya kamata mai tsohuwar na'ura ya riƙe shi ne, masu binciken sakamako sahihi suke so, a kan lokaci. Shirye-shirye da yawa suna aika ƙunshi ɗaya ga kwamfutoci biyu, su gwada amsoshin. Idan naka ya saɓa, sai a aika wa na uku, an yi asarar wuta da lokaci ke nan a wuri uku. Idan kuskurenka ya yi yawa, sabar shirin, wato babbar kwamfutar da ke rarraba aikin, tana rage adadin ƙunshin da za ta ba ka a rana. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Kwamfutar da ke aiki da rabin ƙarfinta tana mayar da amsa daidai ta fi wadda ke ruri a kan kashi 100 tana zubar da shirme.

Matakin farko kullum shi ne karanta rahoton da manhajar ke rubutawa. A cikin BOINC Manager a danna Ctrl da Shift da E tare, tagar rahoton za ta buɗe. Idan manhajar ta ƙi buɗewa gaba ɗaya, rahoton yana nan a fayil mai suna stdoutdae.txt cikin foldar C:\ProgramData\BOINC, wadda Windows ke ɓoyewa, don haka a rubuta adireshin da hannu. Layuka talatin na farko bayan kunnawa sun fi komai amfani: suna faɗin wace fitowar BOINC ce, wane furosesa ne (ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin) da irin umarnin da yake ganewa, ram nawa (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kai), fili nawa ya rage a faifai, da ko an ga katin hoto. Sannan a shiga shafin shirin a intanet, a buɗe jerin ƙunshin da kwamfutar ta yi, a danna wanda ya faɗi, a kwafe lambar kuskuren. Wanda zai nemi taimako ya zo da waɗannan biyun. "Ba ta aiki" ba bayani ba ne da mai gyara zai iya kamawa.

Sai agogo. Wannan ita ce matsala mafi arha, kuma ita ce aka fi tsallakewa. A kan madabod, wato babban allon cikin kwamfuta, akwai ɗan batir mai faɗi kamar kwabo, lambarsa CR2032, ƙarfinsa bolt 3. Shi ke riƙe kwanan wata da saitin BIOS, wato saitin na'ura da ake shiga kafin Windows ya tashi, idan an cire wuta. Kwamfutar da ta shekara goma a sito ko aka sayo a haraj, wato kasuwar gwanjo, kusan tabbas batirin nan ya mutu, kuma duk lokacin da aka zare filogi sai kwanan wata ya koma shekarar da aka ƙera na'urar. BOINC yana magana da saba ta hanyar sirri, kuma kowace saba tana gabatar da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa. Idan kwamfuta tana zaton 2009 ake ciki, sai ta ga takardar ba ta fara aiki ba tukuna, ta ƙi yarda. A rahoto za a ga "Scheduler request failed" tare da maganar certificate. Haka kuma agogon da ya yi tsalle gaba yana sa manhajar ta ɗauka wa'adin ƙunshi ya wuce.

A nan ƙasar akwai abin da ke ƙara ɓoye wannan lahani. Windows ɗin da aka saita da Larabcin Saudiyya yana iya nuna kwanan watan Hijira a ƙasan allo, kuma ido ba ya saurin kama cewa shekarar ba daidai ba ce. Nuna Hijira a kansa ba laifi ba ne, manhajar ba ta damu da yadda ake nunawa ba. Amma a tabbatar daga cikin BIOS, wanda ke nuna Miladiyya, ta hanyar danna F2 ko Del ko F10 lokacin kunnawa, gwargwadon kamfanin. A kuma duba yankin lokaci: ya zama na Kuwait da Riyad, wato awa 3 gaba da lokacin duniya. Laftof ɗin da aka zo da ita daga Kano ko Yamai tana kan awa 1, kuma mutane sukan tura agogon gaba da hannu awa biyu ba tare da canza yankin ba. Fuskar agogo ta yi daidai, amma lokacin da na'urar ke lissafi da shi ya kauce. A canza batirin, a gyara yankin, a kunna daidaita lokaci ta intanet.

Idan agogo daidai ne amma maganar takardar shaida ba ta tafi ba, to fitowar BOINC ɗin ce ta tsufa. A ranar 30 ga Satumba 2021 wata tsohuwar tushen shaida mai suna DST Root CA X3 ta ƙare, kuma tsofaffin fitowar BOINC na Windows, masu ɗauke da nasu jerin shaidu a fayil ɗin ca-bundle.crt, suka kasa magana da shirye-shirye da yawa. Maganin shi ne sauke sabuwar fitowa daga shafin BOINC na Berkeley, a ɗora a kan tsohuwar. Ba sai an goge komai ba, ƙunshin da ke hannu ba ya ɓata. Kada a karɓi manhajar daga filashin wani ko daga shafukan tara manhajoji, domin an taɓa samun ɓarayin intanet suna cusa kwafinta a kwamfutocin mutane a ɓoye don biyan buƙatarsu.

Yanzu wutar lantarki, kuma a nan muna roƙon a yi hattara. Tsofaffin gidaje da yawa a unguwanni irin su Hindawiyya, Jarwal da Shari'a Mansur a Makka, ko a tsofaffin unguwannin Jidda, suna da soket iri biyu a ɗaki ɗaya, na bolt 127 da na 220, wani lokaci ba alamar da ta bambanta su. Tsofaffin akwatunan wuta na cikin kwamfuta, abin da masu gyara ke kira fawa-saflai, suna da ɗan jan makunni a baya mai rubutun 115 da 230. Idan yana kan 115 aka sa a soket na 220, nan take zai yi ƙara ya ƙone. Idan yana kan 230 aka sa a na 127, kwamfutar ko ta ƙi tashi, ko ta tashi ta riƙa mutuwa da zarar aiki ya yi nauyi, kuma wannan na biyun yana kama da laifin manhaja ƙwarai. A auna soket da mita kafin a jona. Akwatin da aka rubuta masa 100–240 ba shi da wannan makunnin, yana daidaita kansa. Kada kuma a haɗa kwamfutar a tausila ɗaya, wato doguwar waya mai soket da yawa, da firij, injin wanki ko mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) na taga, domin duk lokacin da kwamfiresa ta tashi wuta tana faɗuwa na ɗan lokaci.

Tun da an buɗe akwatin kwamfutar, a duba kafasitocin da ke kewaye da furosesa, waɗannan masu kama da ƙananan gwangwanaye. Saman lafiyayye a baje yake. Wanda ya kumbura ko yake fitar da busasshen abu ruwan ƙasa ya gama aiki. Na'urorin da aka ƙera a farkon shekarun 2000 zuwa tsakiyarsu sun yi fama da wannan ƙwarai. Irin wannan madabod yana iya buɗe Windows lafiya, amma ba zai jure lissafin awa 24 ba. Fawa-saflai kuma ba a buɗe cikinsa a gida, domin yana riƙe wuta ko bayan an zare filogi. Idan ana zarginsa a gwada da wani.

Zafi shi ne babbar matsalarmu a Hijaz. A Makka zafin bazara yana wuce digiri 45, kuma ɗakin da aka kashe wa mukayyif aka fita yana komawa tanda. Alamun zafi sanannu ne: fanka tana ihu, kwamfuta tana mutuwa ɗif bayan minti goma zuwa talatin da fara lissafi ba tare da wani saƙo ba, ko kuma ba ta mutu ba amma ƙunshin da ya kamata ya ɗauki awa 5 yana cin awa 12, saboda furosesa yana rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Ba a auna zafi da tafin hannu. A ɗora Core Temp ko HWMonitor, dukkansu kyauta ne, a bar BOINC ya yi minti 20, a karanta. Yawancin furosesocin Intel suna fara kare kansu a wajajen digiri 100. Don aikin dare da rana, a nemi zama ƙasa da 80. Idan na'ura tana nuna 60 ko fiye alhali ba ta yin komai, ba sai an jira ba, hanyar sanyayawar ta toshe.

Gyaran yana da tsari. A kashe, a zare filogi, a danna makunnin kunnawa na daƙiƙa kaɗan don sauran wutar ta fita, a taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa komai a ciki. A fita da ita waje a hura da buluwa, amma a riƙe fuka-fukan kowace fanka da yatsa ko tsinke, domin iska mai ƙarfi tana juya ta fiye da ƙima ta lalata ƙafarta. A Makka da Madina ƙura busasshiya ce, hurawa ta isa. A Jidda danshin Bahar Maliya yana haɗuwa da ƙura ta zama dunƙule mai manne wa haƙoran ƙarfen sanyayawa, sai an sa tsohon buroshin haƙori. Daga nan a cire ƙarfen, a goge tsohon man da ke tsakaninsa da furosesa da ƙyalle mai tsabta da sinadarin isofurofil, a sa sabo. A shagunan kwamfuta na nan, irin na titin Khalid bin Walid a Jidda, ma'ajun ake ce masa. Ɗigo ɗaya a tsakiya ya isa, girman ƙwayar wake ƙarama. Matsewar ƙarfen ce za ta baza shi. Yawansa ba ya ƙara sanyi. Man goge baki ko girisin mota ba sa maye gurbinsa.

Abubuwa biyu sukan ɓaci a wannan aiki. Fankar Intel ta asali tana da ƙafafu huɗu na roba da ake dannawa cikin madabod, kuma robar da ta sha zafi shekaru tana karyewa ko ta ƙi kamawa. Ƙafa ɗaya idan ba ta shiga ba, ƙarfen yana karkacewa, zafi ya haura 90 cikin daƙiƙoƙi. A danna su biyu-biyu a gicciye, a leƙa bayan madabod a ga kowace ta fito. A tsofaffin AMD kuma furosesa ne ke da allurai, kuma busasshen mai yana manne shi da ƙarfen har a fizgo su tare allurai su lanƙwashe. A bar na'urar ta ɗan yi ɗumi kafin a kashe, sannan a murɗa ƙarfen hagu da dama a hankali kafin a ɗaga.

Wurin ajiya ma yana da tasiri. Kada a ajiye a kan kafet, ko cikin kabad, ko a manne da bango. A bar taƙi guda a baya. Kada kuma a sa ta daidai bakin mukayyif a Jidda, domin ƙarfen da ya yi sanyi sosai yana yin gumi idan aka kashe aka buɗe taga. Laftof a ɗaga bayanta iska ta shiga ta ƙasa, idan batirinta ya kumbura a cire shi nan take. A gaskiya siririyar laftof ba a yi ta don wannan aiki ba.

Bayan tsabta sai saiti. A cikin Computing preferences na BOINC Manager akwai layuka biyu da ake rikitawa. Na farko yana ƙayyade kashi nawa na ƙwayoyin furosesa za a yi amfani da su, na biyu kashi nawa na lokaci. Na biyun yana aiki ne ta hanyar tsayawa da tashi kowace daƙiƙa, sai zafi ya riƙa hawa da sauka, fanka tana sama tana ƙasa. Gara a bar lokaci a kan 100 a rage ƙwayoyi: mai ƙwaya huɗu a sa 50, biyu su yi aiki biyu su huta. A furosesa irin i5 da i7, idan aka shiga saitin wuta na Windows aka mayar da iyakar ƙarfin furosesa daga 100 zuwa 99, ƙarin gudun nan na Turbo Boost yana tsayawa, zafi ya sauka sosai, asarar gudu kaɗan ce. Akwai kuma jadawalin awanni: daga watan Mayu zuwa Satumba a sa ta yi aiki daga bayan Isha'i zuwa hantsi kawai. Shirin da aka zaɓa ma yana da bambanci. Lissafin neman manyan lambobi irin na PrimeGrid yana ƙona furosesa fiye da yawancin sauran.

Idan kwamfuta ba ta mutuwa amma ƙunshi yana ƙarewa da "Computation error", lambar kuskuren ce jagora. Idan ƙunshi yana faɗuwa cikin daƙiƙa biyu ko uku da lamba 0xC000001D, ko signal 4 a Linux, an ba furosesa umarnin da bai sani ba. Umarnin AVX ya shigo ne da zuriyar Intel ta 2011, irin su i5-2400, AVX2 kuma a 2013. Core 2 Duo ba shi da ko ɗaya, haka Pentium da Celeron da yawa na shekarun baya. CPU-Z yana nuna abin da furosesa ke da shi. Wannan ba ya gyaruwa, sai dai a cire wannan nau'in aiki a shafin shirin ko a koma wani shiri. Lamba 0xC0000135 tana nufin wani fayil na tallafi ya ɓace, galibi kunshin Visual C++ na Microsoft, ko kuma antibairos ya kama fayil ɗin shirin bisa kuskure. A duba ma'ajiyar abin da ya kama, a keɓe foldar BOINC daga bincikensa. Lamba 197 tana nufin ƙunshin ya wuce iyakar lokacin da aka ƙiyasta masa, alamar na'ura mai rage gudu saboda zafi ko aikin da ya maƙale. A kuma duba ko Windows ɗin na 32-bit ne ba na 64-bit ba: shirye-shirye da yawa sun daina yin aiki dominsa, kuma ba ya iya amfani da ram fiye da gigabait 3 da 'yan kai, ko da furosesan kansa na 64 ne.

Lamba 0xC0000005, ko signal 11, ta fi wuyar sha'ani, domin tana iya zama laifin shirin ko laifin na'urarka. Hanyar rarrabewa tana shafin ƙunshin: a duba sauran kwamfutocin da aka ba wannan ƙunshi. Idan duk sun faɗi, ƙunshin ne gurɓatacce, ba ruwanka. Idan kai kaɗai ka faɗi, ko ana yawan rubuta wa sakamakonka invalid, zargi ya koma kan ram. A sa MemTest86+ a filashi, a tayar da kwamfutar daga kansa, a bar shi ya kwana. Jan layi ko guda ɗaya lahani ne. A cire sandunan ram, a goge haƙoransu na zinariya da abin goge fensir, a gwada ɗaya-ɗaya a rami ɗaya don gano mai laifin. Kwamfutocin haraj sukan zo da sanduna na kamfanoni da gudu daban-daban da aka harhaɗa, kuma wani lokaci kowace lafiya take ita kaɗai, haɗuwar ce ba ta yi. Idan ram ya tsallake, a gwada furosesa da gwajin matsi na Prime95 na awa biyu ana kallon zafi. Faifan ajiya kuma a duba shi da CrystalDiskInfo; idan ya nuna rawaya a kan sassan da aka sauya ko masu jiran sauyi, a kwashe hotuna da takardun iyali tukuna kafin a ci gaba da komai.

"Waiting for memory" ba lahani ba ne. A saitin asali BOINC yana ɗaukar rabin ram idan ana amfani da kwamfutar, kashi 90 idan ba kowa. Ƙunshin Rosetta ɗaya yana iya cin gigabait guda ko fiye, don haka na'ura mai gigabait 4 ba za ta ɗauki huɗu a lokaci ɗaya ba. Idan aka tilasta mata, sai ta koma rubutu a faifai, fitilar faifai ta kama ba ƙiftawa, komai ya daskare. A buɗe Notepad a rubuta <app_config><project_max_concurrent>2</project_max_concurrent></app_config>, a adana da suna app_config.xml cikin foldar shirin da ke ƙarƙashin projects, sannan a zaɓi Read config files. A lura kada Notepad ya ƙara .txt a ƙarshen sunan, wannan ne dalilin da ya fi sa fayil ɗin ƙin aiki.

Maganar aiki ya koma baya kuwa, ƙunshi yana ajiye alamar inda ya kai ne lokaci-lokaci, wasu kowane minti, wasu sai bayan awa ko fiye. Duk lokacin da aka dakatar da shi aka fitar da shi daga ram, daga alamar ƙarshe zai tashi. A gidan da yara ke taɓa linzamin kwamfuta kowane minti goma, ƙunshi mai dogon zango ba zai taɓa gamawa ba. A kunna zaɓin "Leave non-GPU tasks in memory while suspended". Idan rahoto yana yawan cewa "CPU is busy", saitin da ke dakatar da aiki idan sauran manhajoji suka ci kashi 25 ne ke aiki, kuma a tsohuwar na'ura mai ƙwaya biyu sabuntawar Windows kaɗai ta isa ta kai haka. A ɗaga shi zuwa 50 ko 60. A kuma hana Windows yin barci da kansa.

Wa'adi yana kama masu tara aiki da yawa. A sabuwar ɗorawa manhajar ba ta san ainihin gudun na'urar ba, kuma tana zaton za a bar ta a kunne kullum. A sa ajiyar aiki a kan kwana 0.1 zuwa 0.5, kada a wuce. Wanda zai yi tafiya, ko wanda aikin Hajji ko na goman ƙarshen Ramadan zai ɗauke shi daga gida, ya danna No new tasks kwana biyu kafin nan, abin da ya rage ya soke shi ya danna Update, domin saba ta ba wani nan take maimakon ta jira wa'adi ya cika. Folding@home yana da gajeren wa'adi, kuma tsohon furosesa mai ƙwaya biyu da ake kashewa da rana da wuya ya cimma shi. Irin wannan na'ura BOINC ya fi dacewa da ita.

Wani lokacin kuma ba abin da ya lalace. Shirye-shirye suna ƙarewa da aiki, sabobinsu suna faɗuwa. SETI@home, wanda ya fara a 1999, ya daina rarraba aiki tun ƙarshen Maris 2020, don haka mai bin tsohon bayani zai yi ta jira a banza. Kowane shiri yana da shafin halin saba. A duba shi kafin a taɓa komai, a kuma shiga shiri biyu ko uku. Maɓallin Reset project yana goge duk abin da ke hannu har da sakamakon da ba a aika ba, sai a ƙarshe ake zuwa gare shi. Ayyukan da ke buƙatar VirtualBox, manhajar da ke kwaikwayon wata kwamfuta a cikin taka, irin wasu na LHC@home na cibiyar CERN, suna son a kunna VT-x ko AMD-V a BIOS, suna cin ram da data. Mai tsohuwar na'ura ya cire su a saitinsa. Katin hoto idan rahoto ya ce ba a gan shi ba, a ɗora direba daga shafin NVIDIA ko AMD kai tsaye, a kuma tabbatar ba a ɗora BOINC a matsayin service ba, domin a haka ba ya ganin katin. Mai amfani da shariha, wato layin waya, mai ƙayyadadden data ya sa iyakar megabait a saitin intanet na manhajar, ya guji shirye-shiryen yanayi, fayilolinsu manya ne.

Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a Janairu 2020, Windows 10 kuma a Oktoba 2025. Barin irin wannan na'ura a jone da intanet dare da rana haɗari ne. Kwamfutar da aka keɓe don wannan aiki gara a sa mata Linux mara nauyi, irin Debian ko Lubuntu na 64, a ɗora boinc-client da boinc-manager daga rumbun manhajojinsa. Ram ya fi saura, kuma umarnin sensors yana nuna zafi.

Saura lissafin fatura, wato kuɗin wuta, wanda dole a yi shi da gaskiya. Kwamfutar da ke jan wat 100 awa 24 tana cin yunit 72 a wata. A farashin gidaje na halala 18 kan yunit, riyal 13 ke nan, da harajin kashi 15 ya kusa 15. Idan mita ta wuce yunit 6,000 a wata farashi yana komawa halala 30, kuɗin ya kai wajen riyal 25, kuma gidan haya mai iyalai da yawa a kan mita ɗaya yana iya kaiwa can a bazara. Duk wutar da kwamfuta ta ci zafi take zama a ɗaki, mukayyif ya sake cin wuta ya fitar da shi. Saboda haka a nemi yardar waɗanda ake raba fatura da su. Kwamfutar ofis, ta shago, ta makaranta ko ta kafili, mai ɗaukar nauyin zamanka a ƙasar, kuwa ba a ɗora mata wannan sai da izini bayyananne. Dokar BOINC kanta ta faɗi haka, kuma amana ce, ga shi yana iya jawo wa baƙo matsalar da ta fi ƙarfinsa. 'Yan uwa masu karatu a Sudan, Najeriya ko Nijar da ke dogara da janareta, kada ku ƙona mai saboda wannan. Sai in akwai rarar sola da rana.

A ra'ayinmu Pentium 4 da Pentium D sun wuce wannan aiki, wutar da suke ci ta fi amfanin da suke bayarwa nesa ba kusa ba. Core 2 Duo yana kan gaɓa: ya yi aiki mara nauyi da daddare a lokacin sanyi. Daga i5 na 2011 zuwa sama, mai ram gigabait 8, da sabon batirin agogo da sabon ma'ajun, ƙwaya biyu ko uku a kunne, zai yi shekaru yana mayar da sakamako mai kyau. Wanda zai saya a kasuwar Sawarikh ta Jidda ko wani haraj ya tafi da filashi mai MemTest86+ da CPU-Z, ya nemi a jona masa ya gwada kafin ya biya.

Wassalam.

Daga wasu masu gyaran kwamfuta,
Jidda, Saudiyya.